Filin Tambaya da Amsa: Wai da gaske bakteriyar hanji na da hannu a sabon maganin ciwon damuwa?

Jama'a barkanmu da wannan makon. Saƙonni sun taru sosai kan magana ɗaya, da alama wani bidiyo ne ke yawo a TikTok da WhatsApp ya tada ta, to na zaɓi guda huɗu da suka ɗauko kusan duk abin da ake tambaya. Waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri, amsarku na ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗalibar aikin jinya ce, na ga wani bature yana bayani wai yanzu ana maganin ciwon damuwa da wata laimar kwaɗi mai sa mutum gane-gane, kuma wai bakteriyar da ke cikin hanjin mutum ce ke sa maganin ya yi aiki ko ya ƙi yi. Ni abin ya ɗaure min kai wlh, me ya haɗa hanji da ƙwaƙwalwa kuma? Gaskiya ne ko irin surutun intanet ne? (Ɗalibar jinya, Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Rabin farko na maganar baturen gaskiya ne, rabi na biyun kuma ya riga malam masallaci, amma ba ƙarya ya shara ba, bari in bi miki su ɗaya bayan ɗaya.

Sinadarin da ake magana sunansa silosaibin, yana cikin wasu nau'o'in laimar kwaɗi, kuma mutanen Mazatek na jihar Oaxaca a Meziko sun daɗe suna amfani da ita a bukukuwan addininsu tun kafin bature ya san da ita. Albert Hofmann, wani masanin haɗa sinadarai a kamfanin Sandoz da ke Basel a Suwizalan, shi ne ya tace sinadarin a 1958, kuma shi ɗin dai ne ya haɗa LSD, wani sinadarin mai sa gane-gane, tun 1938. An yi ta gwaji da su a asibitoci, sai matasa suka maida su kayan holewa, Amurka ta haramta su a 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya da yarjejeniyar 1971, bincike ya kwanta kusan shekara talatin. Jami'ar Johns Hopkins a Amurka da Imperial College ta Landan su ne kan gaba wajen farfaɗo da shi. A 2021 na Landan ɗin suka gwada silosaibin da escitalopram, wanda maganin damuwa ne da ake sha kullum, a kan mutum 59, kuma a babban ma'aunin da suka sa a gaba ba a samu wani bambanci na a zo a gani ba. A 2022 kamfanin COMPASS Pathways ya fitar da nasa na mutum 233 waɗanda sun sha magungunan damuwa an rasa yadda za a yi da su. Waɗanda aka ba miligiram 25 sau ɗaya tak, bayan sati uku kashi 29 cikin ɗari ciwon ya lafa musu, waɗanda aka ba miligiram 1 kuma kashi 8. Ostiraliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi daga watan Yulin 2023.

To ki duba lissafin nan da kyau, kashi 29 abin a yaba ne ga mutanen da komai ya ƙi yi musu, amma ai kin ga kashi 71 ba su samu wannan sauƙin ba, alhali magani ɗaya ne, awo ɗaya, ɗaki iri ɗaya da ma'aikata zaune kusa da su na tsawon awa shida zuwa takwas. Me ya sa wani ya tashi wasai wani kuma ya tashi yadda ya kwanta? Wannan tambayar ce ta sa wasu masu bincike suka fara leƙa cikin hanji, kuma ba don sun rasa abin yi ba ne, akwai dalilai.

Duk maganin da aka haɗiya sai ya bi ta hanji kafin ya shiga jini, kuma hanjin nan kamar shingen kwastam yake, wani kaya ya wuce lafiya, wani a rage shi, wani a kwance shi gaba ɗaya. Ma'aikatan shingen kuwa har da bakteriya, an ƙiyasta kusan tiriliyan 38 a jikin babban mutum, mafi yawansu a babban hanji. Tunda jinya kike karanta kin san digoxin na masu ciwon zuciya. Tun farkon shekarun 1980 likitoci suka lura kusan mutum ɗaya cikin goma jikinsa na kashe ƙarfin maganin, kuma in aka ba irin waɗannan mutanen antibayotik sai yawan digoxin ɗin ya haura a jininsu har ya nemi zama guba. Ashe wata bakteriya ce mai suna Eggerthella lenta ke lalata shi a hanji, an kashe ta da antibayotik sai maganin ya shigo da cikakken ƙarfinsa. Haka levodopa na masu ciwon Parkinson mai sa karkarwar jiki, a 2019 masu bincike a Harvard suka nuna wata bakteriya Enterococcus faecalis tana juya shi tun yana hanji bai kai ƙwaƙwalwa ba. A shekarar dai, a jami'ar Yale, aka gwada magunguna 271 da nau'in bakteriyar hanji 76, aka tarar 176 daga cikinsu akwai aƙalla bakteriya ɗaya da ke iya sauya su. Kin ga ba ƙaramin abu ba ne.

Shi kuma silosaibin a yadda aka haɗiye shi ba shi ne ke aikin ba, sai jiki ya cire masa wani ɓangare na fosfet ya koma silosin, wannan ne ke shiga ƙwaƙwalwa ya zauna a wani gurbi da ake kira 5-HT2A, gurbin sirotonin, wato sinadarin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Wannan juyin a bangon hanji da hanta yake farawa, kuma bakteriya ma suna da irin enzayim ɗin, wato sinadarin da ke yin wannan aikin na cire fosfet, shi ya sa ake zargin suna iya sa hannu. Ni dai a ganina wannan hanyar ita ce mafi rauni cikin hanyoyin da ake kawowa, don silosaibin na shiga jini da wuri, cikin minti 20 zuwa 40 mutum ya fara ji, ke nan yawancinsa ya tsotsu tun a ƙaramin hanji bai ma isa inda cincirindon bakteriyar suke ba. Enzayim ɗin jikin mutum kansa ya wadatar. Amma dai a san ciki na iya yanke wa irin waɗannan abubuwan hukunci, misalinsa ayahuwaska da 'yan asalin dajin Amazon a Peru da Barazil ke dafawa. Sinadarin DMT da ke cikinta in aka sha shi kaɗai ba ya komai, wani enzayim mai suna MAO a hanji da hanta ke cinye shi, sai da aka haɗa da wata kurangar daji mai toshe wannan enzayim ɗin sannan yake wucewa.

Hanyar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta sirotonin da kumburin jiki. Kusan kashi 90 na sirotonin ɗin jikinmu a hanji ake yinsa ba a kai ba, kuma a 2015 a jami'ar Caltech ta Amurka aka nuna ɓerayen da aka raina ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya a cikinsu, sirotonin ɗin hanjinsu ya ragu da fiye da rabi, da aka zuba musu wasu bakteriya sai ya dawo. Amma a nan ne masu bidiyo ke yin ɓaranɓarama, shi sirotonin na hanji ba ya tsallakawa ya shiga ƙwaƙwalwa, akwai katangar da ke tare shi. Abin da ke tsallakawa shi ne tiriftofan, sinadarin da ke cikin abinci wanda da shi ake ƙera sirotonin, kuma bakteriya na cin rabonsu daga gare shi, kumburin cikin jiki ma na karkatar da shi zuwa wata hanya daban. Sannan ga jijiyar bagus da ta taso daga kai ta sauko har ciki, wadda mafi yawan saƙon da ke bi ta cikinta daga ƙasa yake zuwa sama. To in bakteriya na iya taɓa tiriftofan da kumburi da sinadaran tashin hankali irin su kotizol, ke nan suna iya shafar yanayin da magani zai tarar da ƙwaƙwalwa a ciki. Wannan tunanin na da ma'ana. A Beljiyam ma a 2019 an duba bayan gidan mutum sama da 1,000 aka ga masu ciwon damuwa suna da ƙarancin bakteriya biyu, Coprococcus da Dialister. Sai dai mai damuwa ai cin abincinsa na canjawa, barcinsa na lalacewa, ba ya motsa jiki, to wa ya jawo wani?

Inda aka kwana shi ne, kan shi silosaibin ɗin kansa da bakteriyar hanji, abin da ke hannu yawanci gwajin ɓeraye ne da rubuce-rubucen hasashe na masana, ba a kai matakin da likita zai duba bayan gidan mutum ya ce masa kai zai yi maka kai ba zai yi maka ba. Duk wanda ya ce miki an kai nan, ki duba ƙasan bidiyon, galibi akwai abin da yake sayarwa.

Tambaya: Dakta barka da aiki. Ƙanena ne yake fama da ciwon damuwa, an ɗora shi kan fluoxetine wata huɗu ke nan, da sauƙi amma ba sosai ba. Kuma shi mutum ne da ko ya ya ji jikinsa sai ya ce taifot ne ya je kemis a haɗo masa magani. Na ji ana cewa in aka gyara bakteriyar ciki damuwa na tafiya, shin in saya masa furobayotik ɗin nan na kwalba ya bar wancan maganin? Ko nono ya isa? (Wata Hajiya, Gusau)

Amsa: Hajiya Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri kan tsayawa da kika yi a kansa. Kafin komai, kar ya bar fluoxetine ɗin nan da kansa, ko da wasa. Wata huɗu da sauƙi kaɗan, abin yi shi ne ku koma wurin likitan da ya rubuta ya duba ko zai ƙara awo ko ya canja wani, wannan abu ne da ake yi kullum a asibiti.

Maganar furobayotik kuwa, wato bakteriya masu rai da ake sha don gyara hanji, bari in ba ki labarin yadda ta kaya a inda aka fi ƙwarewa a kanta, wato birnin Cork na ƙasar Ailan, wurin John Cryan da Ted Dinan. A 2011 suka ba ɓeraye wata bakteriya irin dangin ta nono mai suna Lactobacillus rhamnosus, ɓerayen suka rage firgici, da aka yanke musu jijiyar bagus kuma sai amfanin ya ɓace ɗungurungum. Duniya ta ɗauka. To su ɗin dai suka zo suka ba lafiyayyun maza wannan bakteriyar, suka fitar da sakamako a 2017, babu wani abin kirki da ta canja. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an ɗora wa talaka kwalbar dubban nairori an ce masa za ta cire masa damuwa. Akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna ɗan amfani in an haɗa da maganin asibiti, ba a madadinsa ba.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne zuwa kemis ɗin nan. Mun san yadda ake yi, mutum ya shiga ya ce jikina ba daɗi, yaron shago ya ɗauko 'yar leda ya jefa Flagyl biyu, ja da yalo biyu, sifiro ɗaya, farasitamol, ya ƙulle ya ce a sha safe da dare, ba gwaji ba komai, bayan sati uku a sake dawowa. Ko wane zagaye na antibayotik share bakteriyar hanji yake, masu cuta da masu amfani, wasu su dawo cikin makonni, wasu su ɗauki watanni, wasu ma ba lallai su dawo ba. Kuma Hajiya kasala da ciwon kai da ɗacin baki da rashin cin abinci da yake kira taifot, sau da yawa ita damuwar ce da kanta take fitowa ta jiki. Ki faɗa wa likitansa wannan, zai so ya ji.

Nono da kindirmo ya sha abinsa, amma a tabbata na madarar da aka tafasa ne kuma mai tsabta, don ɗanyar madara na ɗauke da nata cututtukan. Ni ma fi ba da ƙarfi nake kan abin da bakteriyar ke ci, wato harza da dusar abinci, gero da dawa da ba a surfe su tas ba, wake, miyar kuka, zogale, rama, kuɓewa. Su ne bakteriya ke narkawa su fitar da wani sinadari butiret mai ciyar da bangon hanji yana rage kumburi. A 2010 wasu masu bincike 'yan Italiya sun kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye irin namu, da yaran birnin Florence, suka tarar na ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya kuma sun fi samar da irin waɗannan sinadaran. Mu kuma yanzu yaranmu taliyar leda da lemon kwalba suka sa a gaba, a ce tuwon dawa na 'yan ƙauye ne. Wannan duk taimako ne ga lafiyarsa gaba ɗaya, ba shi ne maganin ba.

Tambaya: Slm likita. Ni dai kai tsaye zan tambaya, laimar kwaɗin nan ai tana fitowa a wajenmu da damina kan juji da kashin shanu, ita ce? Wani abokina ya ce zaƙami ma aikinsu ɗaya. Ina cikin damuwa sosai tun da na rasa aiki, ina ɗan shan taramol in samu sauƙi. (Wani matashi, Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa na gode da ka faɗi gaskiya ba ka ɓoye ba, ni ma kai tsaye zan ba ka. Kar ka taɓa ta. Laimar kwaɗi nau'i dubbai ce, wasu ana ci wasu na kisa, kuma masu kisan sukan yi kama da waɗanda ba sa yi har ƙwararru na ruɗewa. Mafi muninsu ba sa nuna komai sai bayan awa shida ko fiye, a yi amai da gudawa, mutum ya ji kamar ya warke, kwana biyu zuwa uku hanta ta tsaya. Abin da ake bayarwa a waɗancan gwaje-gwajen ma ba a juji aka tsinto shi ba, a ɗakin haɗa magani aka ƙera shi aka auna da miligiram, kuma kafin a karɓi mutum sai an tantance shi, in shi ko wani na jininsa ya taɓa samun taɓin hankali mai sa jin muryoyi ko ciwon nan mai sa yanayin mutum hawa da sauka tsakanin zumuɗi da damuwa, ba a ɗaukarsa sam, don yana iya tayar da ciwon. Duk da wannan tsaron an samu masu ciwon kai da tashin zuciya da tsananin tsoro, har da waɗanda tunanin kashe kai ya zo musu. Ban da haka doka ta hana, Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar 1971.

Abokinka kuma bai san abin da yake faɗa ba. Zaƙami atirofin da sikofolamin ke cikinsa, hanyarsu daban ce kwata-kwata, ba ruwansu da gurbin sirotonin. Wanda ya sha za ka gan shi baki ya bushe ƙamas, ƙwayar ido ta buɗe, jiki zafi rau, zuciya na gudu, fitsari ya ƙi fita, yana tsintar abin da babu a ƙasa yana magana da mutanen da ba sa wurin, in ya farfaɗo bai san me ya yi ba, wasu kuwa ba sa farfaɗowa. Babu wani asibiti a duniya da ke ba mai damuwa 'ya'yan zaƙami.

Taramol ɗin nan shi ne abin da nake so ka fara kai wa likita. Yana ɗaga sirotonin, shi ya sa kake jin kamar ya ɗauke maka nauyi na 'yan awanni, amma yana sa farfaɗiya, yana ɗaure ciki, kuma in aka haɗa shi da maganin damuwa irin fluoxetine ko amitriptyline ana iya samun sirotonin ya yi yawa, jiki ya hau karkarwa da zufa da zazzaɓi da ruɗewa. Saboda haka in ka je asibiti ka faɗi nawa kake sha a rana ba ragi, ba kama ka za su yi ba, kuma kar ka yanke shi dare ɗaya in ka daɗe a kai, a hankali ake sauke mutum. Ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai ka nemi ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Masu karatu na ɓangaren Najeriya kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Sakkwato da Barnawa a Kaduna da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. In har tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, yau ɗin nan ka faɗa wa wani naka ya raka ka, kar ka jira gobe.

Tambaya: Oga ni a tiyata nake aiki, muna amfani da ketamin kullum wajen sa barci. Na ji wai shi ma yana cikin waɗannan magungunan, to shi ma hanji na shafarsa? Kuma ya matsayin irin wannan a addini tunda yana gusar da hankali? (Ma'aikacin tiyata, Bauchi)

Amsa: Abokin aiki sannu da ƙoƙari. Ana yawan jera shi da su amma ba gidansu ɗaya ba, ketamin ta hanyar gulutamet, wani sinadarin kai saƙo a ƙwaƙwalwa daban da sirotonin, yake aiki a gurbin da ake kira NMDA. A ɗan ƙaramin awo, ƙasa sosai da wanda kuke sa barci da shi, yana iya sauke damuwa mai tsanani cikin awanni, sai dai amfanin ba ya daɗewa in ba a maimaita ba. Amurka ta amince da wani nau'insa na fesawa a hanci mai suna Spravato a 2019, kuma a asibiti ake fesawa a zaunar da mutum awa biyu ana duba hawan jininsa. Tunda ta jijiya ko ta hanci yake shiga, bakteriya ba sa samun damar taɓa shi a hanya, duk da haka wata tawaga a jami'ar Chiba ta Japan ta ga bakteriyar hanjin ɓeraye na canjawa bayan an ba su shi. Ɓeraye dai, ka ji. Kuma ka fi ni sanin yana da masu shansa don maye, yana lalata mafitsara in aka daɗe a kai, don haka a riƙa kulle kabad ɗin nan ana rubuta abin da aka ɗiba.

Ɓangaren addini kuwa na malamai ne, ka kai musu tambayar tare da bayanin yadda likita ke bayarwa da awonsa da dalilinsa, yadda aka yi musu bayanin allurar barcin da kuke yi a tiyata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa tambayoyin da suka taru kan gwajin taifot na Widal, masu su ku ƙara haƙuri.